Kayan Gyaran Injin Mota: Wanne Ya Kamata A Saya?

Galibin motocin da ke ɗawainiya da jama'ar Zuru, irin su Golf, Sharan da Corolla, sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso Najeriya. Su ne ke kai fasinja Kontagora ta Rijau, su bi ta Dabai da Mahuta zuwa Koko, su kwaso dawa da masara daga ƙauyukan Ribah. Tsohuwar mota a kan irin waɗannan hanyoyi ba ta rabuwa da gareji, kuma duk ranar da aka kwance injin, bakanike zai tambaya: "Alhaji, orijina za a sa ko na dama-dama?" Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, amsar wannan tambaya ta ƙara nauyi.

Kayan da ke shaguna kashi huɗu ne. Na farko shi ne wanda ke zuwa a kwalin kamfanin motar, kamar Toyota ko Volkswagen, kuma shi ya fi tsada. Na biyu shi ne na kamfanonin da suke ƙera wa kamfanin motar kaya tun farko. Ba kowane abu Toyota ke ƙerawa da kanta ba. Denso, wanda ya fita daga cikinta a 1949, yana yi mata kayan wuta, Aisin yana yin famfon ruwa, NGK ya shahara da filogi, Bosch kuwa yana wadata motocin Jamus. Idan suka sayar a nasu kwalin, sau da yawa ingancin ɗaya ne, kuɗin ya fi sauƙi. Na uku shi ne na wasu masana'antu a Sin, Taiwan, Indiya ko Nnewi ta jihar Anambra, waɗanda cikinsu akwai nagari, akwai na banza. Na huɗu shi ne ɗan Beljiyam, wato orijinan da aka ciro daga wata mota, wanda ake saro shi daga Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Ma'aunin zaɓi guda ne: idan wannan abu ya lalace, me zai tafi da shi? A ɗauki filtar baƙin mai. Wanda ya yanka filta mai kyau zai ga takarda mai kauri, an naɗe ta ninki-ninki, da wata roba da ke hana mai zurarewa idan an kashe mota. A cikin maras kyau takardar 'yar kaɗan ce, robar kuma ta bushe. Kowace safiya injin zai yi 'yan daƙiƙu yana juyawa ƙarfe a kan ƙarfe kafin mai ya hau. Direba ba zai ji komai ba sai bayan watanni, ranar da aka ce masa injin ya buga.

Haka bel ɗin taimin yake. A injuna da yawa, idan ya tsinke mota tana gudu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, gyaran ya ninka kuɗin bel sau da dama. Saboda haka bel ɗin taimin, famfon mai, famfon ruwa, gasket ɗin saman injin da ringi, a sayi orijina ko na kamfanin da aka sani, ko da za a jinkirta gyaran har kuɗi su cika. A nan ne maganar Hausawa ta tabbata, araha ba ta ado. Filtar iska ma kada a rena ta, domin ƙurar hunturu idan ta kutsa cikin injin tana cinye ringi.

Akwai kuma inda za a iya sassautawa. Murfi, tankin ruwa, fanka da makamantansu, na kasuwa mai kyau ya wadatar, tunda lalacewarsu tana bayyana da wuri. Ɗan Beljiyam yana da amfani a kayan ƙarfe masu nauyi, kamar kikstata da altaneta, muddin an gwada su a gaban mai saye. Amma duk abin da aka yi da roba ko takarda, tsufa ya riga ya ci shi, sabo ya fi.

Babban haɗari shi ne jabu, wato kaya maras inganci a cikin kwalin orijina. Hukumar SON ce ke da alhakin sa ido kan ingancin kayan da ke shigowa ƙasa, amma mai saye ne mai tsaron ƙarshe. Ya duba rubutun kwali ko ya dusashe, ya gwada nauyin sabon da na tsohon a hannu, ya yi shakkar duk orijinan da aka karya wa farashi. Ya tafi shago da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, domin Corollar Amurka da ta Turai suna iya bambanta a injin. Ya karɓi rasit, ya kuma nemi bakanike ya nuna masa abin da aka cire.

Mai motar da ya san waɗannan ba ya barin aljihu kaɗai ya yanke masa hukunci. Yana zuba kuɗinsa a kan abin da ke riƙe da ran injin, ya yi tsimi a sauran. Ga direban haya, wanda abincin iyalinsa da lafiyar fasinjansa suka rataya a kan injin ɗaya, wannan ilimi yana cikin haƙƙin sana'a.