Fumfuna mai kashe ƙwaron gujiya

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san ɓacin ran buɗe buhun gujiya da bazara, a iske ɓawo duk huda, ƙwaya ta koma gari. Mai wannan ɓarna wani ɗan ƙwaro ne ja-ja, masana na ce masa Caryedon serratus. Ba a rumbu yake somawa ba. Cikin ƴaƴan tsamiya da na kalgo yake zama, daga nan ya sauko bisa gujiya tun tana shanye a gona. Macen ta liƙa ƙwai a jikin ɓawo, tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ta shige. Cikin kamar wata biyu sabon ƙwaro ya fito, shi ma ya zuba nasa ƙwai. Hudar nan kuma ƙofa ce ga mugunyar fumfuna mai dafin aflatoksin, dafin da ke lalata hanta.

Amma ba kowace fumfuna ce abokiyar gaba ba. Akwai wata mai zama cikin ƙasa, ƙwari ne abincinta, sunanta Metarhizium. Irinta kamar ƙura yake. In ya taɓa jikin ƙwaro sai ya manne, ya tsira, ya huda fata, ya bazu a ciki. Ƙwaron ya rage ci, bayan ƴan kwanaki ya mutu, gawarsa ta yi kore. A Nijar ba baƙuwa ba ce: shirin LUBILOSA, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2002, ya gwada wata ƴar'uwarta bisa fara a yankin Maine-Sorowa, kuma daga wannan aiki aka samu maganin Green Muscle. A 2001 masana a Najeriya suka nuna cewa tana kashe ƙwaron gujiya, amma cikin ɗakin bincike.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fumfuna ta fi ƙarfi inda akwai laima, gujiya kuwa sai ta bushe sarai take ajiyuwa. Wanda ya yayyafa wa gujiyarsa ruwa don fumfunar ta yi aiki, ya gayyato aflatoksin da hannunsa. Tsutsar da ta riga ta shige ɓawo kuma, ƙurar ba ta iske ta. Green Muscle na fara ne, ba na rumbu ba. A ganina abin yana da amfani nan gaba, musamman ga masu ajiye iri, amma in wani ya kawo muku gari a kasuwa ya ce shi ne, ku fara tambayar malamin gona.

Kafin nan, kada a bar gujiya ta daɗe shanye kusa da tsamiya ko kalgo. A busar da ita har ƙwaya ta yi ƙara cikin ɓawo in an girgiza. A share rumbu, kada a gama sabuwa da ta bara. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda INRAN ta gwada da gujiya a Maraɗi, yana hana ƙwaro numfashi ba tare da magani ba, muddin an ɗaure kowace leda tam. Mai sa ƙwayar Phostoxin kuwa, kada ya ajiye buhun cikin ɗakin da ake kwana.