Inda ake manna FASTag a gilashin mota: gaskiya da ƙarya cikin abin da ake yaɗawa a Indiya

Tun daga ranar 15 ga Fabrairu, 2021, gwamnatin Indiya ta wajabta biyan kuɗin hanya a manyan titunan tarayya ta hanyar FASTag, wato wata 'yar sitika da ake mannawa a gilashin gaban mota domin a cire kuɗin wucewa kai tsaye daga asusun mai ita, ba tare da direba ya tsaya miƙa tsabar kuɗi ba. Sitikar ba ta da batir. Abin da ke cikinta ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai ne da siririyar eriya da aka shimfiɗa kamar zare, kuma idan mota ta iso shingen karɓar kuɗi, na'urar da aka rataya a saman layin takan aiko da siginar rediyo, sitikar ta samu ƙarfi daga gare ta, sannan ta mayar da lambarta. Wannan fasaha ita ake kira RFID, kuma wanda ya fahimce ta zai iya tace mafi yawan maganganun da ke yawo a kan inda ya kamata a manna sitikar.

Wurin da aka tsara shi ne daga cikin mota, a tsakiyar gilashin gaba ta sama, bayan madubin duba baya, fuskar da ke da gam tana kallon waje. A nan babu komai tsakaninta da na'urar da ke sama sai gilashi, ba ta tare wa direba gani, kuma ruwan sama da abin share gilashi ba sa taɓa ta.

Jita-jitar da ta fi tsorata jama'a ta bazu ne a watan Yunin 2022, lokacin da wani bidiyo ya nuna yaro yana goge gilashin wata mota da agogon zamani a hannunsa, aka ce wai da agogon yake karanta sitikar ya kwashe kuɗin mai mota. Wannan ƙarya ce, kuma NPCI, hukumar da ke gudanar da tsarin biyan kuɗin, ta ƙaryata ta a fili, inda ta bayyana cewa ba a tura kuɗin FASTag daga mutum zuwa mutum, kuma masu shingaye da wuraren ajiye motoci da aka yi wa rajista ta hannun bankuna ne kaɗai ke iya neman a cire kuɗi. Babu ko kwabo a jikin sitikar, lamba ce kawai, don haka ko da wani ya karanta ta ba shi da ƙofar da zai bi ya kai ga asusun. Illar irin wannan labari ita ce yakan ƙarfafa wa mai mota gwiwa ya ƙi manna sitikar, ya ajiye ta a aljihu, sai ya iso shinge ya ɗaga ta da hannu.

Nan ne magana ta biyu ke shigowa, wadda ke cewa ɗagawa da hannu daidai take da mannawa. Mai yiwuwa na'urar ta karanta wani lokaci, amma yatsun mutum suna shanye wani ɓangare na siginar, sitikar kuma takan karkace, sai a ga direba yana juya ta a bayan gilashi, ma'aikacin shinge ya fito da na'urar hannu, motocin baya suna ta oda. Saboda wannan jinkiri ne hukumar manyan titunan ƙasar, NHAI, ta ba da umarni a watan Yulin 2024 cewa a karɓi ninki biyu na kuɗin hanya daga duk motar da ta shiga layi ba tare da an manna sitikar a gilashinta ba. Haka nan ba gaskiya ba ne cewa ana iya ɓare sitikar a manna ta a wata mota, domin an ɗaure ta da lambar rajistar mota guda da kuma rukuninta, sannan ɓarewar kan tsinke eriyar. Wanda gilashinsa ya fashe sai ya nemi sabuwa daga bankin da ya ba shi ta farko.

Akwai kuma maganar da mutane da yawa ke ɗauka camfi ne alhali gaskiya ce, wato cewa wasu gilasai suna hana sitikar aiki. Duhun gilashi ba shi ne matsalar ba, ƙarfen da ke cikinsa ne, domin wasu motoci suna zuwa da gilashin da aka yi wa siririn shafi na ƙarfe don rage zafin rana ko narkar da ƙanƙara, shi kuwa ƙarfe yana mayar da siginar rediyo baya. Masu ƙera irin waɗannan motoci sukan bar wani ɗan fili kusa da madubi babu shafin, kuma littafin bayanin motar yakan nuna wurin, wanda hakan ya sa duba littafin kafin a cire takardar bayan sitikar ya fi muhimmanci, tunda sau ɗaya ake manna ta. A Amurka, masu tsarin biyan kuɗin hanya na E-ZPass sukan ba irin waɗannan motoci na'urar da ake ɗaurawa a wajen lambar mota ta gaba.

Magana ta ƙarshe rabinta gaskiya ce: ana cewa idan ba a karanta sitikar ba, wucewa kyauta ce. Gyaran da aka yi wa dokar kuɗin hanya a 2018 ya amince da hakan, amma da sharaɗin cewa na'urar shingen ce ta lalace, sitikar kuma lafiyayya ce, tana aiki, akwai isasshen kuɗi a asusunta. Direban da ya riƙe tasa a hannu, ko ya ɓare ta daga tsohon gilashi ya sake liƙawa, ba ya cikin waɗanda wannan rangwame ya shafa.