John Tafida Na Wusasa, Marubucin Da Aka Manta

Idan aka tambayi ɗan makaranta wa ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin a rufe baki zai ce Abubakar Imam. Idan aka ce Shaihu Umar, zai ce Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma a ce masa wa ya rubuta Jiki Magayi, sai ka ga yana sosa ƙeya, ko da kuwa ya karanta littafin. To, wannan mutum da a ke mantawa da shi, watau John Tafida na Wusasa, shi na ke so in yi bayani a kansa, domin a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba.

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar waɗanda aka buga tsakanin 1934 da 1935. Su ne Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin.

To, me ya sa sunansa ya ɓace? Dalili na farko shi ne, yawancin abokan tafiyarsa sun zama manyan mutane. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Bello Kagara ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya, har aka mai da littafinsa fim a 1976. Shi kuwa John Tafida Bahaushe ne Kirista daga Wusasa, wani ɗan gari kusa da Zariya, kuma a bangon littafin ma ya yi tarayya da Bature wanda ya fi shi suna. Dalili na biyu yana cikin labarin kansa. Mutane sun fi son littafin da zai ba su dariya, kamar rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ko wanda zai sa su ji ƙarfin zuciya, kamar yaƙe-yaƙen Ganɗoki. Jiki Magayi kuwa zuciya ya ke sosawa.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wani saurayi, Abubakar, yana son wata yarinya, Zainab, ita ma tana son sa. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba, ya shiga tsakani da ƙarfin dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya yi rantsuwa sai ya rama. Ya bar gida, ya shiga duniya, ya sha wahala cikin daji yana neman asirin da zai yi ramuwa da shi, har ya samu. Amma maimakon ya jefi Malam Shehu, sai ya jefi ɗan da Zainab ta haifa masa, wanda a ke kira Kyauta, domin ya san nan ne uban zai fi jin ciwo. Yaro ya tashi maƙaryaci, ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya faɗa cikin miyagu. Daga baya ya shiga wani gida sata, ya kashe mai gidan, bai san mahaifinsa ne ba. Abin da ya biyo baya na bar wa mai karatu ya nemo da kansa.

Abin da ya sa na ke ganin girman wannan littafi shi ne, ba jarumi a cikinsa. Da farko mai karatu yana tausayin Abubakar, domin an zalunce shi. Kafin a kai tsakiya sai ka ga wanda aka zalunta ya fi azzalumin mugunta. Malam Shehu kuwa, wanda ka tsana da farko, sai ya zama abin tausayi. Kyauta ɓarawo ne, ya kuma yi kisan kai, amma ba shi ya zaɓi hanyar ba. Kowa yana da laifi, kowa kuma yana da hujja. Sa'an nan mutanen ciki irin waɗanda mu ke gani ne a kasuwa da zauren mai unguwa, kuma kuɗi da kishi da girman kai su ne suka kai su ga halaka.

Turawa ma suna da irin waɗannan labarai na laifi da baƙin ƙarshe, Faransawa suna kiran su da wata kalma mai nufin baƙi. Yayyenmu da iyayenmu da suka yi sakandare sun san James Hadley Chase, mutumin Ingila, wanda a ke ɓoye littattafansa ƙarƙashin filo. Littafinsa na farko a 1939 ya fito. Ashe ke nan Jiki Magayi ya riga shi da 'yan shekaru. A Hausa kuwa an daɗe kafin a sake samun masu bin wannan hanya sosai, irin su Sulaiman Ibrahim Katsina mai Turmin Danya da Bature Gagare mai Ƙarshen Alewa Ƙasa, waɗanda suka fito a farkon shekarun 1980.

Na san wasu iyaye za su ce littafin sata da asiri ba abin da zai koya wa yaro sai ɓarna. Ina roƙon su yi haƙuri su karanta shi tukuna. Ba wanda ya ci ribar mugunta a cikinsa. Abubakar ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman ramuwa, Zainab kuwa ba ta dawo hannunsa ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Mu mutanen arewacin Zamfara mun fi kowa bukatar wannan darasi. Ni ɗan Katuru ne a ƙasar Shinkafi. Tun wajen 2011 rikicin satar shanu ya tsananta a jiharmu, ya zama kashe-kashe tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, kowane ɓangare yana cewa shi aka fara zalunta. A 2021 har sai da aka rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya. Daga Zurmi zuwa Kaura Namoda, wa ya fi shan wuya? Manomin da bai saci saniyar kowa ba, da makiyayin da bai kashe kowa ba, da yaran da suka bar makaranta. Su ne Kyautan zamaninmu, an rama a kansu abin da ba su aikata ba. John Tafida bai ga wannan zamani ba, amma ya gane cewa ramuwar gayya ba ta tsayawa a kan mai laifi, kuma ya gane cewa wanda ya fara danne talaka da ƙarfin aljihu shi ma yana da nasa kason alhakin.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu nemi Jiki Magayi a laburare ko wurin malaminmu na Hausa. Ɗan ƙaramin littafi ne, a yini ɗaya ana gama shi. Idan aka tafi hutu kuma, mu karanta wa iyayenmu da ƙannenmu da dare, mu faɗa musu sunan wanda ya rubuta. Yaba kyauta tukuici. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.