Duwatsun Sama a Ƙasar Hausa: Ƙofar Nazarin Ilmin Duniyoyi a Arewacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ilmin duniyoyi kamar yadda ake nazarinsa a matakin digiri na biyu da na uku, ta hanyar duwatsun da ke faɗowa daga sama a ƙasar Hausa da kewayenta. An waiwayi dutsen Zagami na 1962 da wasu irinsa, sannan aka dubi yankin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a matsayin fagen bincike. Maƙalar ta nuna cewa darajar irin wannan dutse a wurin masana ta rataya ne a kan shaidar waɗanda suka ga faɗuwarsa. Da yake da Hausa ake bayar da wannan shaida, manazarta Hausa suna da gurbi a cikin aikin.

Fitilun Kalmomi: Ilmin Duniyoyi, Dutsen Sama, Zagami, Gatarin Aradu, Zamfara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da ɗaga kai yana duban sama. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya kuma san Kaza da 'Ya'yanta. Malaman zaure sun gaji ilmin falaki daga littattafan Larabci, har Hiskett (1975) ya yi bayanin waƙoƙin taurari da hisabi a cikin tarihin rubutattun waƙoƙin Hausa. A fagen ƙagaggun labarai ma, Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya (1969). Duk wannan kallo ne daga nesa. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, wani lokaci sama takan jefo wani yanki nata cikin gonar Bahaushe, kuma a kan irin wannan yanki ne aka gina babban sashe na ilmin duniyoyi na zamani.

2.0 Ilmin Duniyoyi a Matakin Gaba da Digirin Farko

Ilmin duniyoyi fanni ne da ke nazarin duniyoyi takwas masu kewaya rana, da watanninsu, da taurari masu wutsiya, da tarin duwatsun da ke shawagi musamman tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, waɗanda malaman falaki ke kira Mirrihu da Mushtari. Tambayoyinsa su ne: da me aka gina waɗannan halittu, yaushe suka samu, kuma wane sauyi suka yi?

Ba kasafai ake fara wannan fanni daga digirin farko ba. Ɗalibi yakan shigo ne daga fizis ko kimiyyar haɗa sinadarai ko lissafi ko ilmin sanin ma'adinai da duwatsu. A digiri na biyu yakan koyi lissafin falakin da kowace halitta ke bi, da sinadaran duwatsu, da fassara hotunan kumbunan bincike. A digiri na uku kuwa sai ya tsaya a kan matsala guda, ya zo da sabon sakamako. A Nijeriya, hanyoyin da suka fi kusa da fannin sun haɗa da Sashen Fizis da Ilmin Taurari na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, da cibiyar koyar da kimiyyar sararin samaniya da ke Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da sassan nazarin duwatsu irin na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Akwai kuma Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999.

Aika kumbo wata duniya yana cin dukiya mai ɗimbin yawa. Dutsen sama kuwa shi yake kawo kansa, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Saboda haka shi ne ƙofa mafi sauƙi ga ɗalibin da ke ƙasar da ba ta tura kumbuna zuwa wasu duniyoyi.

3.0 Yadda Dutsen Sama Yake Isowa

Mafi yawan duwatsun sama ɓaraguzai ne da suka rage tun lokacin samuwar rana da duniyoyinta, shekarunsu sun kai kimanin biliyan 4.56. Wannan ya sa sun girmi kowane dutse da aka taɓa samu a doron ƙasa. Idan aka yanka irin wanda ya fi yawa a cikinsu, za a ga ƙananan ƙwayoyi masu kama da gero, tare da ɗigo-ɗigon ƙarfe da nikel. Akwai kuma waɗanda ƙarfe ne zalla, da 'yan kaɗan da suka ɓallo daga wata ko daga duniyar Mas sakamakon wani gagarumin karo.

Dutsen yakan shigo iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya ba. Zafin wannan shiga ne yake narkar da fatarsa, ya haifar da hasken da ake gani yana keta sama. Kafin ya iso ƙasa iska ta rage masa gudu, hasken ya mutu, ya sauko da baƙin ɓawo wanda kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. Sauti kuwa yana cin kusan daƙiƙa uku kafin ya yi tafiyar kilomita ɗaya, shi ya sa ƙarar takan zo bayan hasken da minti ɗaya ko fiye. Wannan tazara, idan shaida ya iya kimanta ta, tana taimaka wa mai bincike ya gano nisan wurin da dutsen ya fashe.

A ɗakin gwaji akan feƙe ɓallin dutsen har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Daga nan sai a auna sinadaransa da nau'o'in iskar oksijin da ke cikinsa, domin a san danginsa da asalinsa.

4.0 Zagami da 'Yan'uwansa

A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a Zagami, kusa da Faskari a lardin Katsina. Bayanin da aka adana ya nuna cewa wani manomi ne yake korar tsuntsaye a gonarsa, sai ya ji ƙara mai tsanani, dutsen ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. An kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, ba tare da an san ainihin asalinsa ba.

Amsar ta fara fitowa ne bayan kumbunan Viking guda biyu na Amurka sun sauka a duniyar Mas a 1976, suka auna iskarta. A 1983 aka gano iska mai irin wannan haɗi a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a Antatika, sannan a 1995 aka sami irinta a cikin Zagami. An ƙiyasta cewa dutsen ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, kuma ya yi kusan shekaru miliyan uku yana yawo a sarari kafin ya sauka a gonar Bakatsine. Duwatsun Mas guda biyar kacal aka ga faɗuwarsu da ido: na Faransa a 1815, na Indiya a 1865, na Masar a 1911, Zagami a 1962, sai na Maroko a 2011. A 1996 ma an ɗora ɗan ɓallin Zagami a kan kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi falakin duniyar da ya fito.

Zagami ba shi kaɗai ba ne. Akwai Kabo a jihar Kano (1971), da Kilabo kusa da Haɗeja (2002), da Maigatari-Danduma a Jigawa (2004). Daga gabas akwai Mayo Belwa (1974) da Gujba (1984). Na Gujba yana ɗauke da darasi: nau'i ne da ba kasafai ake samu ba, amma an farfasa shi da guduma aka rarraba, har mafi yawansa ya watse.

Mai nazarin sunaye zai lura cewa duk waɗannan sunayen garuruwa ne. Ƙa'idar ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ita ce a raɗa wa dutse sunan wurin da ya faɗi, bayan an ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, wanda ya fi ƙanƙanta, a wata ma'ajiya da aka amince da ita. Dubban duwatsun Sahara da suka bi hannun dillalai kuwa lamba kawai suke ɗauke da ita bayan haruffan NWA, ma'ana arewa maso yammacin Afirka. A watan Yuli na 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da NWA 16788 a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Dutsen Mas ne mai nauyin fiye da kilo 24 da aka tsinto a yankin Agadas a 2023, kuma gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar.

5.0 Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi a Matsayin Fagen Bincike

Dutsen sama ba ya zaɓen gari. Abin da ya bambanta wuri da wuri shi ne ko an gani, an gane, an kuma kai rahoto. Tsakanin Zagami da Ƙaura Namoda bai kai kilomita 150 a miƙe ba, kuma arewacin Zamfara yana da abubuwan da ke sauƙaƙa gani: sarari buɗaɗɗe, da gonakin jigawa da ke zama fili bayan kaka, da manoma da makiyaya masu yini a waje. Baƙin dutse a kan farin rairayi ba ya ɓuya.

Ganewa ce ke da wuya. Ƙaura Namoda da Zurmi suna kan tsofaffin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, yayin da wajen Shinkafi ake shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Sakkwato. Kogin Gagare da na Bunsuru suna gangaro da duwatsu masu santsi. Ga marmara da tama, ga kuma kashin maƙera a tsofaffin kufai, dukansu masu duhu da nauyi. Abin da ke raba dutsen sama da su shi ne siririn baƙin ɓawo, da nauyin da ya wuce girmansa, da rashin ƙofofi irin na kashin maƙera.

Matsalar tsaro ta hana mai bincike shiga ƙauyuka da dama na Zurmi da Shinkafi yadda yake so. Wannan ya ƙara wa shaidar mazauna wurin muhimmanci, da kuma tsohuwar hanyar isar da labari daga mai unguwa zuwa dagaci da hakimi har fadar sarki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da Jami'ar Tarayya Gusau da aka kafa a 2013, za su iya zama zangon farko na karɓar rahoto. Idan babu irin wannan zango, dutsen zai bi hanyar kasuwa, kuma iyakar Nijar ba ta da nisa daga Zurmi.

6.0 Gurbin Manazarta Hausa

Aiki na farko shi ne na ƙirƙirar kalmomi. Kalmar tauraro, ko tamraro a karin harshen yamma, ta haɗa abubuwan da kimiyya ta rarrabe. Zara da Gamzaki, alal misali, duniya ɗaya ce, wato Zuhura, wadda ake gani da almuru a wani lokaci, da asuba a wani lokacin. Idan mutum ya ce tauraro ya faɗi, abin da ya gani tsakuwa ce ko dutse da ya ƙone a iska. Ana bukatar kalmomi uku tsayayyu: na dutsen da ke sarari, da na hasken da yake yi, da na abin da aka tsinta a ƙasa.

Na biyu shi ne na al'ada. Gatarin aradu, wanda aka yi imani yana saukowa tare da tsawa, a binciken masana tarihin ƙasa gatarin dutse ne da mutanen dā suka wasa da hannunsu. Amma da yake dutsen sama ma da haske da ƙara yake zuwa, yana iya shiga cikin wannan rukuni, a adana shi don magani ko tsari. Mai nazarin al'ada ne ya san yadda zai tunkari mai irin wannan ajiya cikin ladabi, ya nemi izinin dubawa ba tare da raina imaninsa ba.

Na uku shi ne ɗaukar shaida. Mai binciken duniyoyi yana son sanin rana da sa'a da kusurwa. Shaida kuwa zai ce bayan la'asar sakaliya ne, ranar kasuwar Shinkafi, lokacin yankan gero, kuma hasken ya fito daga gabas maso arewa ya yi wajen fadama. Mayar da wannan zuwa alƙaluma aikin wanda ya san lissafin lokaci na Bahaushe da Zamfarci ne. Shi ne kuma zai isar da saƙon kiyayewa ta rediyo: kada a wanke dutsen, kada a fasa shi, kada a goga masa maganaɗisu domin yana share tarihin maganaɗisun da ke cikinsa. A ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, a naɗe shi cikin tsabtataccen abu busasshe, a yi wa ramin alama.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ilmin duniyoyi yana da kayan aiki a ƙasar Hausa, kuma dutsen Zagami ya isa hujja. Da manomin nan bai faɗi abin da ya gani ba, da sunan ƙauyensa bai shiga littattafan kimiyya ba. Saboda haka ana ba da shawarar sassan Hausa su haɗa hannu da sassan nazarin duwatsu wajen tsara kalmomi da takardar tambayoyi cikin Hausa, a kuma ba ɗaliban digiri na biyu aikin tattara labaran faɗuwar duwatsu daga bakin dattawan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi tun suna raye. Ta haka ne dutsen da zai faɗo nan gaba a arewacin Zamfara zai amsa sunan garinsa a kundin masana.