Ɗakin gwajin kimiyya a kan allon kwamfuta

Ɗalibi a Gombe zai iya haddace dokar Ohm tsaf, alhali bai taɓa haɗa batir da ƙwan lantarki da hannunsa ba. Kayan gwaji tsada gare su.

A nan manhajar PhET take da amfani. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya kafa ta a 2002 a Jami'ar Colorado da ke Amurka, kuma kyauta ce. Yaro zai ja wayar lantarki a kan allo, ya ƙara batir, ya ga ƙwai ya ƙara haske. In ya yi kuskuren haɗi, batirin ya kama da wuta, ba wanda ya ƙone. Ana iya sauke ta a yi aiki ba intanet. A 2020 Wieman ya samu kyautar Yidan ta binciken ilimi.

Yabon duniya dai an samu, saura manhajar ta isa hannun malamanmu. Tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB, don haka yaranmu ba baƙinta ba ne. A ganina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe, inda ake horar da malaman kimiyya, nan ya kamata a fara.