Sukuru Ko Noti: Wanne Ya Dace Da Kwano?

Jama'a, in mun bi hanya daga Rano zuwa Kibiya, ko muka nufi Rurum, za mu ga ƙarfe ya shiga ko'ina cikin zamanmu. Rufin ɗaki kwano ne. Ƙyauren shago ƙarfe ne. Akwatin da muke ajiye kuɗin amfanin gona shi ma ƙarfe ne. Yanzu kuma ga farantin sola bisa rufi. Kowannensu da abin da a kan ɗaura masa, ko sakata, ko mariƙi, ko maratayin kwaɗo. Abin da ke riƙe su ɗan ƙarami ne ƙwarai. Amma in ba a zaɓe shi daidai ba, iska ko ɓarawo zai nuna mana.

Da fari mu san abin da ke sa sukuru ya kama. Ku ɗauki guda ku duba. Akwai wani siririn tudu da ya naɗe jikinsa daga baki har wuya. Shi za mu kira zare. Zaren nan shi ke cizon abin da aka ɗaura. A cikin katako mai kauri, zare da yawa ke cizo gaba ɗaya, shi ya sa ba ya fita. To, kwano fa? Yawancin kwanon da muke rufi da shi, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ƙusa mai noti wadda kaurinta milimita 6 ne, watau wadda a kan ɗaure da sifana lamba 10, tsakanin zarenta da na biye milimita 1 ne. Ku yi lissafi. Kwanon bai cika ko zare ɗaya ba. Ashe in muka huda kwano muka murɗa irin wannan ƙusa ba noti a bayanta, ba abin da ta kama.

Sabo da haka aka ƙera sukurun kwano dabam. Bakinsa da tsini, zarensa da kaifi, ya kai har gindin kai. Shi ke yanka wa kansa hanya. Ramin da za mu yi masa kada ya kai kaurinsa. Ga wata dabara kuma. In mun huda da ƙusa, ƙarfen ya kan turu ciki ya yi ɗan leɓe. Kada mu goge leɓen nan, ƙarin nama ne da zare zai ciza. Sa'an nan mu murɗa da sukurudireba a hankali. Da mun ji ya tsaya, mu tsaya. Wanda ya ƙara ƙarfi zai ji sukurun ya yi sako-sako, yana ta juyawa ba ya ci. Ya zarce ke nan. Maganinsa a sa wanda ya fi shi kauri kaɗan, ko a koma ga noti.

Amma fa sukurun kwano na kaya marasa nauyi ne, kamar makunnin fitila ko mariƙin waya. Kuma ba ya son a riƙa kwance shi ana mayarwa, ramin buɗewa ya ke yi.

Abu mai nauyi, ko wanda za a riƙa ja, sai ƙusa mai noti. A nan ma akwai abin lura. Kan ƙusa ƙarami ne, in aka fizga da ƙarfi sai ya yage kwanon ya fito ta ramin. Don haka a kan sa washa mai faɗi ciki da waje. Wanda ya fi wannan kyau, a shimfiɗa guntun ƙarfe mai kauri ko katako ta ciki, ƙusar ta ratsa su duka. Nauyin sai ya bazu. Mu da ke sa maratayin kwaɗo a ƙyauren shago ko ɗakin hatsi, mu tabbata notin yana ta ciki. Ta waje a sa ƙusa mai mulmulallen kai, wadda sifana ba ta kamawa. Sau da yawa a kan sayi kwaɗo mai tsada a rataya shi a kan sukuru huɗu da ko yaro zai kwance da bakin wuƙa. In abin na babur ne ko amalanke, a ƙara noti na biyu bisa na fari, don girgizar hanya tana kwance noti.

Wani lokaci hannu ba ya kai wa ta baya, kamar a jikin bututun ƙarfe. Akwai wani noti da a kan cusa cikin ramin, a matse shi da na'urarsa ya kumbura ta baya kamar ribiti. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya ƙago shi cikin shekarun 1930, don ɗaura kaya a fukafukan jirgin sama, waɗanda su ma siririn ƙarfe ne.

Yanzu sai rufi. Sukurun rufi yana da ɗan faifan roba a wuyansa don tare ruwa. Iri biyu ne. Mai tsini na katako ne. Mai baki kamar na mahudi na ƙarfe ne, shi ke huda ramin kansa. A kwano mai gurbi-gurbi, a bisa tudu a ke ɗaura shi, don ta kwari ruwa ke gudu. A matse har robar ta zauna, amma kada ta fashe ta ɓullo gefe. Babban abin shi ne sukurun ya shiga katako ko ƙarfen da ke ƙarƙashin kwano. Iskar farkon damina, wajen Mayu da Yuni, ta ƙasa ta ke shiga ta ɗaga abu sama. Farantin sola da aka ɗaura a jikin kwano kaɗai, ranar da ta zo za ta tafi da shi, watakila har da kwanon. In an gama aiki a share garin ƙarfen da ya zuba, in ba haka ba ruwan fari zai mai da shi tsatsa.

Tsatsa kuwa, a nemi sukurun da aka yi wa ruwan tutiya. Kada a haɗa tagulla da kwano ko alminiyam a inda ruwa ke taɓawa, tagullar ta kan sa su ci da sauri.

Saura magana ɗaya, ta awo. A 1841 wani Bature a Ingila, Joseph Whitworth, ya tsara zaren noti bisa awon inci. Tsofaffin injuna na Ingila da shi aka ɗaure su. Kayan yanzu yawanci na milimita ne. A ido sun yi kama, amma ba sa shiga juna. In za mu sayayya, a kasuwar garinmu ko a Ƙofar Ruwa cikin Kano, mu tafi da tsohuwar ƙusar a aljihu. Mu murɗa notin da yatsa a gaban mai kaya. In ya shiga sumul har ƙarshe, nata ne. In ya cije bayan juyi ɗaya ko biyu, a canja.