'Ya'yanmu Na Aikin Gayya Ta Wayar Hannu A Fatakwal

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Rumuokoro da sassafe zai ga ɗalibai suna rububin motar Choba, inda Jami'ar Fatakwal take, wadda aka kafa a 1975. A cikinsu akwai 'ya'yanmu, 'ya'yan mahauta da masu albasa da 'yan tireda. To, amma yanzu wani sashe na karatun nasu a gida ake yinsa, cikin waya.

Abin ya kankama ne a 2020, sa'ad da aka rufe makarantu saboda annobar korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'a na wata tara. Da zama ya yi tsawo, sai ɗalibai suka koyi haɗuwa ta Zoom da Google Meet, watau kowa yana ɗakinsu amma suna ganin juna suna magana. Aka koma makaranta, al'adar ba ta mutu ba.

Ga yadda ake yi. Malami ya kasa aji ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowace aiki guda, maki kuwa nasu ne gaba ɗaya. Wannan ya binciko littattafai, wancan ya rubuta, da dare su haɗu su gyara. A Amurka da Ingila har wasu jami'o'i sun gina azuzuwa a cikin Second Life, wata duniyar kwamfuta da aka buɗe a 2003, inda kowane ɗalibi yake shiga da mutum-mutuminsa. Mu nan ƙarfin intanet ya fi ɗaukar bidiyo kawai.

Shi ma bidiyon da tsadarsa. Zoom na kyauta yakan yanke bayan minti 40, a 2025 kuwa hukumar sadarwa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da datarsa ta ƙare, ko yarinyar da aka ƙwace wa waya bayan isha'i, 'yan ƙungiya ba su san uzurinsu ba. Sai a ce raggo ne, wani lokaci ma a cire sunansa, maki ya wuce shi.

Saboda haka, Alhaji, in ka ji muryoyi a ɗakin yaro da dare, kada ka yi saurin faɗa. Shiga ka zauna, ka ga su wane ne, ka ji abin da ake tattaunawa. Gani ya kori ji. In karatu ne, sa kuɗin data cikin cefane, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba su sa'a, amin.